Darasi Domin Ƙungiyoyi: Yaro da Karatu, Abin da Muka Koyo Daga Sakkwato

Magatakarda, ko wani mai murya, ya karanta wannan darasi a gaban taro. Kada a yi gaggawa. In ya yi tsawo a raba shi zama biyu. A tabbata mata suna wurin, gama rabin maganar tasu ce, wataƙila ma fiye da rabi.

'Yan'uwa manoma, mun saba magana a kan taki da iri da ajiyar hatsi. Yau za mu jingine fartanya mu shiga cikin gida, mu dubi yaran nan da ke wasa a gindin turmi, 'yan shekara uku zuwa takwas.

Abin da ya kawo mu ga wannan magana shi ne littafin ƙungiya. Ranar rabon taki ku duba shafin da ake sa hannu, ku ƙidaya masu rubuta sunansu, ku ƙidaya masu dangwala yatsa. Mun taɓa zama da wata ƙungiya mai mutum talatin da 'yan kai, mutum ɗaya tak ke iya riƙe littafi. Da ya sami aiki a birni ya tafi, littafin ya shekara a cikin akwati ba wanda ya buɗe shi. Da aka zo biyan bashi sai gardama ta kaure. Wannan ya ce buhu uku ya karɓa, wancan ya ce da idonsa ya ga huɗu, ga takarda a gabansu amma ba mai iya tambayarta. A iyakar saninmu ba wanda ya ci kuɗin kowa. Duk da haka akwai gidaje biyu a ƙauyen da suka daɗe ba sa cin tuwon juna.

Dattawan suka ce mana, "Mu namu ya wuce, amma ai 'ya'yanmu suna makaranta." Muka kira wani yaro ɗan aji uku, muka rubuta "gero" a ƙasa da tsinke, muka ce ya karanta. Ya duba, ya sāke dubawa, ya sunkuyar da kai. Ubansa ya fi shi jin kunya.

Abin da aka gano a Sakkwato

Kada ku zaci wannan yaro daƙiƙi ne, ko kuwa ƙauyensu kaɗai abin ya shafa. A shekarar 2013 aka gwada karatun yara 'yan aji biyu da aji uku na firamare a jihohin Sakkwato da Bauci. Gwajin ba shi da wuya. Ana zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda mai baƙaƙe, da kalmomi, da ɗan gajeren labari cikin Hausa, a ba shi minti ɗaya ya karanta abin da zai iya. Sakamakon ya girgiza masu kula da ilimi. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin ba, da harshen da suka sha a nono. Waɗannan kuwa yara ne da sunansu ke cikin rajista, suna sa riga su tafi da safe. Ba a ma zo kan waɗanda ba su taɓa taka ƙofar aji ba.

Abin mamakin shi ne inda aka sami wannan sakamako. Sakkwato birnin malamai ne tun da Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Bello, sun bar littattafai masu yawan gaske. Akwai jami'a a garin tun 1975. In kuwa har a irin wannan gari yaro zai shekara uku a aji bai iya haɗa baƙi da wasali ba, to, ginin makaranta shi kaɗai ba ya koyar da kowa. Shi ya sa muka zaɓi Sakkwato domin wannan darasi. Garin ya ga hanyoyi dabam dabam na kai karatu cikin gida, wata ta daɗe, wata ba ta daɗe ba, muna so mu ga dalili.

'Yan Taru

Hanyar da ta fi daɗewa mace ce ta share ta. Sunanta Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu. An haife ta a Degel wajen 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Bello, ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare a cikin birnin Sakkwato kusa da na mahaifinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Wani a cikinmu zai ce, me ya haɗa ƙungiyarmu da labarin 'yar Shehu? Amsar ita ce, manomi mai hankali in ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau yakan tsaya a bakin iyaka ya ga yadda aka yi kunyar. Abin da ta koyar na addininta ne. Yadda ta isar da shi shi ne abin da muke so mu duba.

Ga damuwar da ta tarar. Bayan yaƙe-yaƙe akwai mata da yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno waɗanda ba malamin da ke isa gare su. Ita kuwa mace ɗaya ce, ba za ta iya zaga ƙauye ɗari ba. Matan aure masu goyo kuma ba za su bar miji da 'ya'ya da girki su zo birni neman ilimi ba. Sai ta duba ta ga akwai iri biyu na mata da tafiya ba ta gagare su: dattijai waɗanda suka gama haihuwa, da 'yan mata waɗanda ba a kai ga aurar da su ba. Tun wajen shekarun 1830 ta fara zaɓen dattijuwa mai mutunci daga kowane yanki, ta naɗa ta shugaba. Sunan wannan shugaba jaji, kalmar fatake ce, watau mai jan ayari. Takan sa mata malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa alama ce da matan ƙasar suka riga suka sani suna girmamawa, gama Innar Gobir, babbar mata a fadar Gobir, tana sa ta. Ba ta ƙago baƙon abu ba, abin da mutane suka saba da shi ta ɗauka ta ba shi sabon aiki.

Jaji takan tattaro ayarinta su taho a ƙasa har gidan Nana. Su zauna, su koyi darasi, su koma. Darasin kuwa a waƙe yake, da harshen da suke ji, domin ya zauna a ka. Wadda ta haddace takan shiga gida gida ta koya wa matan da ba su sami zuwa ba, ana daka ana ji, ana kaɗi ana maimaitawa, yara kuma suna gefe kunnuwansu a buɗe. Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru. Ba su zuwa hannu sake. Sukan kawo hatsi da zuma da mai da zane, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Watau ilimi yana fita daga birni zuwa ƙauye, abinci yana shigowa daga ƙauye zuwa ga marasa ƙarfi, ba wanda ya zama mai roƙo. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata waƙar makoki. Wannan ya nuna mana yadda ta ɗauki ma'aikatanta.

Mu faɗi gaskiya a nan. Yawancin 'Yan Taru da ka suka riƙe darasi, ba dukansu suka iya riƙe alƙalami ba, aikinsu kuma ba makarantar yara ba ne irin wadda muka sani. Amma ku dubi tsawon ransa. Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aikin bai tsaya ba. Wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bin sawun rubuce-rubucen Nana da taimakon Waziri Junaidu, ta tarar da jajoji suna nan suna jan ayarinsu fiye da shekara ɗari bayan rasuwar mai aikin. Littafinta a kan Nana ya fito a 1989. Ba albashi, ba mota, ba ofis. Malfa ce da jan ƙyalle, da amanar da ƙauye ya ba dattijuwarsa.

Taimakon da ya zo daga sama

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci. Tsofaffinmu da yawa a nan suka koyi a-ba-ca-da, da yamma a gindin bishiya. Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Sakkwato sunanta Zaruma. Aka rufe hukumar a 1959. Mun san dattawan da suka karɓi takardar shaida a wancan zamani, daga baya karatun ya zube domin ba abin karantawa a gida. Karatu kamar lauje ne, in an rataye shi sai tsatsa. A 1976 kuma aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda malamai da littattafai za su iya ɗauka.

A watan Disamba na 2015 gwamnatin Jihar Sakkwato ta ce ilimi ya shiga halin ta-ɓaci. A wannan shekara kuma aka soma wani shiri a Sakkwato da Bauci da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, aka buga littattafan da ake kira Mu Karanta domin aji ɗaya zuwa uku. Shirin ya yi abubuwa da muka yaba. Ya fara da Hausa kafin Turanci, gama yaro ba zai yi kokawa biyu a lokaci ɗaya ba, ga baƙin harshe ga baƙin rubutu. Ya koya wa malamai su bi sautin baƙaƙe, su haɗa gaɓa, su gina kalma, maimakon yara su yi ta rera abin da ke kan allo ba su san wane baƙi ke faɗin me ba. Malami ya fara yi, sa'an nan su yi tare, sa'an nan yaro ya yi shi kaɗai. An nemi kowane yaro ya riƙe littafi a hannunsa. An buɗe wuraren koyo a unguwanni domin yaran da ba sa makaranta. An kuma ƙarfafa kwamitocin kula da makaranta, inda iyaye maza da mata da wakilin mai unguwa ke zama da shugaban makaranta.

Wannan shiri ya ƙare a 2021. Wani ya biyo bayansa, amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID ɗungum. Ba mu faɗi haka domin mu raina taimako ba. Littattafan da aka buga suna da kyau, malamin da ya koyi dabarar kuma ba mai ƙwace masa ita. Wanda ya sami littafin Mu Karanta ya riƙe shi da kyau. Amma ku auna da kanku. Aikin da aka yi da miliyoyi ya tsaya ranar da wani ya sa hannu a takarda a wata ƙasa mai nisa. Aikin da aka yi da malfa ya wuce shekara ɗari. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai da ruwan ciki

Yanzu mu koma wajen uwa, domin a nan maganar take da nauyi. Mun sha jin malamai suna zagin iyaye mata, wai sun fi son talla da karatu. Wanda ya faɗi haka bai zauna ya yi lissafin gidan ba. Matar da ba ta fita kasuwa, 'yarta ce ƙafarta. Ƙosai ko dafaffiyar gyaɗar da yarinyar ke kai wa bakin tasha, daga nan kuɗin cefane ke fitowa, daga nan sabulu, daga nan ake tara kayan ɗaki. Ka ce ta sauke faranti ta tafi aji, ka cire wa gidan abincin dare ke nan. In ba ka kawo abin da zai maye gurbinsa ba, wa'azinka ba zai wuce zaure ba.

An gwada wannan a Sakkwato. Daga 2014 zuwa 2016 hukumar UNICEF, da kuɗin gwamnatin Ingila, ta riƙa ba iyaye mata a wasu ƙananan hukumomi na jihohin Sakkwato da Neja Naira 5,000 a kowane biya saboda kowace yarinya da ta isa makaranta. A hannun mata aka sa kuɗin. Binciken da aka yi daga baya ya nuna 'yan mata sun ƙaru a makarantun wuraren. Ashe ba ƙin karatu ba ne, rashi ne. Ƙungiyarmu ba ta da kuɗin UNICEF, amma tana da adashi, tana da rumbu, za mu dawo kan wannan.

Sa'an nan ga lafiya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito da safe bai sha ko kunu ba, idonsa ne kawai ke kan allo. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar sau uku a damina ɗaya ya rasa makonni, in ya dawo an wuce shi, ya zauna a bayan aji ya yi shiru, shi ke nan an sa masa suna daƙiƙi. Tun 2015 ake bi gida gida a Jihar Sakkwato da damina, wata wata, ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga wannan zazzaɓi. Masu rabon kuwa 'yan unguwa ne da aka koya wa aikin, watau dabarar jaji ce ta dawo da wata riga. In irin wannan rabo ya iso ƙauyenku, uwa ta tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, kada ta tsaya a na ranar farko.

Akwai kuma wani asibiti a birnin Sakkwato da ya kamata kowane manomi ya san labarinsa. An buɗe shi a 1999 domin yara masu wata cuta da likitoci ke kira noma. Sunan ba na Hausa ba ne, ba ruwansa da noman gona. Cuta ce da ke farawa da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. In an kai yaro asibiti da wuri magani yana tsayar da ita. In an makara, da yawa ba sa tashi, waɗanda suka tashi kuma sai an yi musu aiki a fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Mun kawo wannan ne domin mu da ke noma wake da gyaɗa da waken soya bai kamata mu kwashe su duka zuwa kasuwa mu bar wa yaro farin kunu ba. A daka gyaɗa a cikin kunun, a sa zogale a miya, ƙwai ɗaya ya tsallake kasuwa ya shiga bakin ɗan yaye. Uwa kuma ta riƙa buɗe bakin yaro tana dubawa tana wankewa.

Abin da ƙungiya za ta iya

Ba mu ce ku gina makaranta ba. Wadda ke akwai ku tura yara, ku shiga kwamitinta, ku riƙa leƙawa ku ga ko malami ya zo. Abin da muke nufi ƙarami ne, a tsakar gida za a yi shi.

Ku fara da neman jajinku. Kowace unguwa tana da dattijuwar da yara ke taruwa a ƙofar ɗakinta, wadda in ta yi magana matan aure ke ji. Ko ba ta san baƙi ɗaya ba, ita ce. Ku haɗa ta da yarinya ko saurayi ɗan sakandare wanda ya iya karatu sosai. Dattijuwa ta tara yara ta riƙe su, ɗan makaranta ya koyar. In aka bar matashi shi kaɗai, mako uku yara sun watse. In aka bar dattijuwa ita kaɗai, tatsuniya za a sha ba rubutu. Zumuntar mata ta fi kowa sanin wadda ta dace, a bar musu zaɓen. A kuma naɗa ta a gaban taro, a ba ta wata alama, ko zane ne ko ɗankwali. Kada ku raina wannan, mutum yakan riƙe aikin da aka girmama shi da shi.

Lokaci kuwa a tambayi iyaye mata kafin a sa shi. Rabin sa'a ya isa, sau uku a mako, bayan an dawo daga talla da kiwo, kafin duhu. A fara da rani sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Yara kada su wuce goma sha biyar a wuri ɗaya. A buɗe wa kowane yaro na unguwa, ko ubansa yana cikin ƙungiya ko ba ya ciki, ko wane ɗakin sujada gidansu ke zuwa.

Kayan aiki suna nan a gida. Ƙasa mai laushi da tsinke su ne allo na fari. Tsohon kwali a yanka shi ƙanana a rubuta baƙi ɗaya ɗaya da gawayi ko tawada. Hausa tana da sauƙi a nan, gama kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. A fara da wasula biyar, a, e, i, o, u. Sa'an nan a ɗauki baƙi ɗaya, a koyi sautinsa, a aura masa wasula: ma, me, mi, mo, mu. Da yaro ya sami m da n da k da g, sai ya ga ya iya karanta mama, kaka, gona, noma, nama da kansa. Ranar da wannan ya faru ku dubi fuskarsa. Kada a yi saurin tara baƙaƙe, biyu a mako sun isa. Masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, a ba su lokacinsu, a nuna wa yara cewa baki dabam baƙi dabam, fada dabam faɗa dabam, kafa dabam ƙafa dabam. Yara suna jin daɗin wannan wasa ƙwarai. Kowane yaro kuma ya koyi rubuta sunansa tun makon farko, ko da kwaikwayo ne, domin ba kalmar da ta fi masa daɗi.

Bulala kada ta shigo wurin. Yaron da ke jin tsoro ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya kuwa rerawa zai yi tare da sauran ya ɓoye rashin saninsa har aji shida.

'Yan shekara uku da huɗu ba a matsa musu da rubutu. Nasu shi ne magana. Yaron da aka saba yi masa hira da tatsuniya da kacici-kacici yana zuwa aji da rumbun kalmomi, in ya haɗa baƙaƙe sai ya tarar da kalmar da ya riga ya sani. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ce malamar wannan darasi: tana tankaɗe tana gaya masa sunan abin da take yi, tana tambayarsa yana amsawa. A gidajen da ba Hausa ake yi ba, a yi wannan hira da harshen gida, shi ne tushen. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da dattijuwa ke bayarwa kuma ɗan makarantar ya rubuta su da manyan baƙaƙe a littafin rubutu, layi biyar ko shida a shafi. Kafin damina za ku ga kuna da littafinku na kanku wanda ba wata hukuma da za ta rufe.

Mu maza ma muna da namu. Uban da bai iya karatu ba ya kira ɗansa da dare ya ce, "Zo ka karanta mini abin da kuka yi yau." Ya saurara har ƙarshe, kada ya yi dariya in yaro ya yi tuntuɓe. In saƙon kuɗi ya shigo waya, a bar yaro ya gwada kafin a kai wa mai shago.

Sauran maganar kuɗi. Shawararmu ita ce da kaka kowane mamba ya zuba kwano ɗaya na hatsi a wani buhu dabam, ma'aji ya rubuta shi da sunan karatun yara. Daga ciki a sayi alli da littattafan rubutu, a ba ɗan makarantar nan abin sabulu, a kai wa dattijuwa goronta. In akwai gidan da gaske tallar yarinya ce abincinsu, zumuntar mata ta sa uwar a farkon ɗaukar adashi, ko ƙungiya ta ba ta rancen jari kaɗan, bisa alkawarin yarinyar za ta riƙa zuwa. A yi wannan a asirce, kada a kira sunan kowa a taro.

A ƙarshe ku auna. Ba manomin da ke zuba taki bai ƙidaya damin da ya samu ba. Ranar farawa a zaunar da kowane yaro shi kaɗai, a nuna masa kalmomi goma, magatakarda ya rubuta nawa ya iya. Bayan wata uku a sāke. In ba a ga bambanci ba, kada a zargi yara, a zauna a duba ko lokacin ne bai dace ba, ko mai koyarwar ne ke sauri.

Domin tattaunawa

Mutum nawa ne a ƙungiyarmu za su iya riƙe littafi in magatakarda ya yi tafiya gobe? Wace dattijuwa ce a unguwarmu ta dace da malfa, wa kuma zai je ya roƙe ta? Waɗanne yara ne muka san ba za su zo ba ko an buɗe, mene ne kuma ainihin abin da zai hana su?

Kafin taro mai zuwa magatakarda da mata biyu su zaga gidajen unguwa su rubuta sunan kowane yaro ɗan shekara uku zuwa takwas, maza da mata, har da 'ya'yan riƙo. Kowane mamba kuma ya zo da tsohon kwali ɗaya.